Fitilar da Na Ƙwace a Bakin Rijiyar Dala

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni duba-gari ne a Maiduguri, saurayi ɗan ashirin da 'yan kai, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Ina da kakin da ke shan sitaci da guga duk ranar Lahadi, da keke mai ƙararrawa biyu, da dogon ludayin da nake zurawa a randunan mutane ina neman tsutsar sauro. In na shigo unguwa tun daga bakin layi ake shela, mata su hau tuntsurar da ruwan da suka sha wahalar ɗebowa, ni kuwa ina jin daɗin abin har cikin raina. A ganina duk garin babu wanda ya kai ni wayewa. Yau na tsufa, haƙora sun yi saura kaɗan, kuma akwai abin da na daɗe ina so in faɗa a bainar jama'a kafin a kai ni makwanci. Ba zan ambaci sunan kowa ba. Waɗanda suka san labarin sun san ko su wa nake nufi, mafi yawansu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da abokan aikina ba su sani ba shi ne ni ɗan mai yasar rijiya ne. Mahaifina daga Kano ya zo da igiyarsa da 'yar digarsa, ya sauka a unguwar Moduganari, ya haɗa sana'a da wani Babarbare wanda na tashi ina kira Baba. Su ne ake nema in rijiya ta cika da laka, ko ruwanta ya ja baya, ko wani abu ya faɗa ciki ya mutu. Tare suka yi shekaru suna shiga rami ɗaya, wannan na ƙasa wancan na riƙe da igiya. Da mahaifina ya rasu Baba ne ya tsaya mini har na gama makaranta, shi ya yi ta kai gwauro yana kai mari har aka ɗauke ni koyon aikin tsabta. Ni kuma sakayyar da na yi masa ita ce jin kunyarsa. Tun a makaranta yara ke ce mini ɗan laka, abin ya tsaya mini a wuya, don haka da na kama aiki na gaya wa 'yan ofis cewa ubana ɗan kasuwa ne, yana da rumfar yadi a Kasuwar Kwastam kafin ya rasu. In na hango Baba a hanya da taɓo har gwiwa, sai in karya kan keke in bi wani lungu. Yana gani, amma bai taɓa yi mini maganar ba. In na je gaishe shi a gida sai ya tarbe ni da wushe wushe, sannunsu ta Barbarci, ya ce ga ɗan Afuno, wato Bahaushe, ya zama Bature, ya sa a shimfiɗa mini tabarmar baƙi.

Masu wannan sana'a suna da wata al'ada da na buɗe ido na tarar. Ba sa shiga rijiya sai sun kunna 'yar fitilar aci-balbal, sun ajiye ta cikin gwangwani mai marikin waya, sun zura ta da siririyar igiya har ƙasa. In ta kai ƙasa tana ci, mutum ya ɗaura igiya a ƙugu ya bi bayanta. In ta yi ja, ta tsuke, ta mutu a hanya, to babu mai shiga, domin iskar da ta kashe wuta za ta kashe mutum. Irin wannan iska ba ta da wari, ba a ganinta, kwanciya take a gindin rijiya musamman da bazara ko in wani abu ya ruɓe a ciki. Sai a yanko manyan rassan dogonyaro a ɗaure, a yi ta zurawa ana jawowa har iskar ta sauya, a sake gwadawa da fitila. Wani lokaci a wuni ana yi, wani lokaci sai gobe. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na ma san fitilar kanta, domin ta Baba da mahaifina ce, akwai tabon dalma a gindinta inda aka taɓa liƙe ta.

Wata rana aka tara mu a ofis aka ce sabon tsari ya zo daga sama. A da aikinmu a kan rijiya bai wuce duba bakinta ba, ko tana da murfi, ko ruwa na kwanciya a gefenta. Yanzu an haɗa sha'anin lafiyar gari da na kiyaye haɗari a wuraren aiki, an ɗora mana duka. Duk wanda zai yi aiki a rami ko wani ƙuntataccen wuri sai yana da lasin, kuma sai duba-gari ya je ya duba ya sa hannu a takarda kafin a shiga. An kuma hana kunna wuta kowace iri a irin waɗannan wurare. An ce dalili wai gobara ta taɓa tashi a wani ramin ajiye man fetur a wani gari, mutane suka ƙone. Dokar da kanta ba ta banza ba ce, wanda ya rubuta ta ramin fetur ne a ransa. Amma shugabanmu na ofis, mutum mai son a ga ya fi kowa bin takarda, ya ce rijiya ma rami ce, saboda haka an gama da aci-balbal. Ya buɗe kwali ya fito da tocila sababbi fil, ya ce hukuma ta tausaya wa masu yasa, ta sayo musu abin da ya fi fitilarsu haske sau goma, ba hayaƙi ba ƙauri. Kowa ya yaba. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya tambaya ko akwai mai magana, ko wanda ya san wani abu game da aikin nan da ya kamata a sani.

A nan na yi kuskuren rayuwata. Maganar tana bakina, ba ta fi numfashi ɗaya ba: ba don haske ake zura fitilar nan ba, don gwada iska ne, tocila kuwa ko a cikin tulu aka rufe ta za ta ci gaba da ci. Amma na san in na faɗa za a tambaye ni yadda aka yi na sani, ɗan mai rumfar yadi. Na hango yadda za su kalli juna, na ji ɗan laka na dawowa kunnena. Sai na sunkuyar da kai ina wasa da murfin alƙalami, har shugaba ya ce to madalla, ya miƙo mini tocila uku ya ce unguwannin yamma nawa ne. Na karɓa da hannu biyu, har da godiya.

Da na kai wa Baba labari dariya ya yi har yana share hawaye. Ya kunna tocilar ya kashe, ya kunna ya kashe, ya ce lallai kyakkyawa ce, za ta yi amfani wajen neman kaza in ta ɓuya a rumbu. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya gyara zama ya tambaye ni ko na gaya musu amfanin fitila. Na ce doka ce daga sama, ba a tambayi ra'ayina ba. Ƙarya na yi masa, an tambaya. Ya ce to in koma in gaya musu yanzu, ai baki bai ruɓe ba. Na ce zan duba. Na yi ta dubawa har sati uku, ina lallashin kaina da cewa in an zo aiki zan kau da kai su zura abarsu a ɓoye, ni in sa hannu, kowa ya huta.

Ana nan cikin tsananin zafin bazara akuya ta faɗa babbar rijiyar wata unguwa a Dala, can gefen Maiduguri. Ba a ankara ba sai da ruwan ya fara wari. An samu an ƙwaƙulo mushen da ƙugiya, amma dole a shiga a kwashe lakar da ta gurɓata kafin a sake sha, ga shi rijiyar ce kaɗai mai ruwa a wannan yanki a lokacin. Bulama, wato mai unguwar, ya aika wa Baba, Baba ya aiko mini a kan takardar izini. Rashin sa'ata, ita ce rijiya ta farko da za a shiga a ƙarƙashin sabon tsari, shugabanmu ya ce da kansa zai zo ya ga yadda abin zai gudana. Da hantsi muka isa. Mata sun yi layi da tuluna a inuwa, kwana uku ke nan suna zuwa nesa neman ruwa, idon kowa a kanmu. Baba na tsugune a bakin rijiya tare da ƙaninsa, wanda shi ne ke riƙe masa igiya tun bayan rasuwar mahaifina. Ya gaishe da shugaba cikin ladabi, sannan ya ciro fitilarsa daga jaka ya fara gyara lagwani, kamar bai taɓa jin wata doka ba.

Shugaba ya dube ni ya ce wannan mene ne, ashe ban isar da saƙo ba. Na taka na tsaya a kan Baba, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce an hana, ya miƙo. Ya ɗago kai ya ce mini a hankali, da Hausarsa mai nauyin Barbarci, in bari ta sauka sau ɗaya kawai, in ta dawo da rai sai in tafi da ita duk inda nake so. Ya juya wajen shugaba ya fara bayani, yana cewa ranka ya daɗe iska ce ake gwadawa, amma shugaba ya katse shi ya ce ba a zo jin camfi ba, wanda bai bi doka ba za a karɓe lasinsa da na duk mutanensa. Sannan ya tambaye ni, ni mai ilimin tsabta, ko akwai ƙamshin gaskiya a maganar tsohon. Karo na biyu ke nan aka ba ni dama. Na ce al'ada ce kawai irin ta mutanen da. Na sunkuya na fizge fitilar daga hannun Baba, man ya zube mini a kaki, na jefa ta cikin jakar kekena. Na leƙa rijiya na haska tocila, na ga ruwa baƙi can ƙasa yana ƙyalli, na ciro takarda na sa hannu cewa na duba babu haɗari.

Baba bai yi gardama ba. Ya sa aka yanko rassan dogonyaro, shi da ƙaninsa suka yi ta zurawa suna jawowa har gumi ya jiƙa su. Shugaba na ta duba agogo, mata na ta guna-guni, Bulama na cewa a taimaka rana na yi. Ƙanin ya ce da Barbarci a bari sai gobe, na ji shi sarai. Baba ya ce in an bari sai gobe ma ba fitila za a ba su ba, kuma ba zai jawo a raba mutum shida da abincinsu ba. Ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya tocila a wuya, ya zo gabana ya ce in nuna masa inda na sa hannu. Bai iya boko ba, amma ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce tunda ɗan abokinsa ne ya duba ya ce lafiya, shi ke nan. Har yau ban sani ba ko yarda ce ya yi da ni, ko dama ta uku ce ya ba ni. Na kau da kai.

Al'adarsu ce mai sauka ba ya yin shiru, yana tafe yana magana don mai igiya ya san yana lafiya. Baba ya yi bisimilla ya fara sauka yana tsokanar ƙaninsa, wai ya riƙe da kyau kada ya yi gyangyaɗi irin na ranar ɗaurin aurensa. Mutane na dariya. Muryar na ƙara nisa tana amsa-kuwwa, ya koma salati, sannan ya ce wani abu da ba mu gane ba, kamar mai magana cikin barci. Daga nan sai igiya ta yi nauyi gaba ɗaya. Ƙanin ya kira shi sau uku ba amsa. Na leƙa, ga tocila can ƙasa tana haske tar, tana juyawa a hankali a ƙirjin mutumin da ya saki hannu da ƙafa. Ƙanin ya yar da rawaninsa zai faɗa ciki, na rungume shi ta baya muka zube ƙasa, ina ihu cewa duk wanda ya shiga ba zai fito ba, iskar ce, a ja igiya. Abu ɗaya ke nan da na yi daidai a ranar, kuma da shi na tona wa kaina asiri, domin duk wanda ke wurin ya ji cewa na sani. Maza suka kama igiya, amma kafaɗarsa ta maƙale a wani gurbi na bangon rijiya, sai da aka sassauta aka karkata aka sake ja. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Da aka fito da shi leɓɓansa sun yi baƙi, idanu a kafe, tocilar na nan a kunne a wuyansa.

Bai mutu ba. A motar shugaba aka kai shi asibiti, ya yi kwanaki bai san inda yake ba, da ya farfaɗo kuma ba Baban da muka sani ne ya dawo ba. Hannunsa na dama ya daina riƙe abu, magana sai a hankali, ya manta sunayen 'ya'yansa. A gida mahaifiyata ta ga fitilar a jakar kekena ta gane ta. Ba ta zage ni ba. Ta goge ta da gefen zanenta, ta ajiye a kan tabarmata, ta ce ubana ya shiga rijiya fiye da yadda za ta iya tunawa kuma kullum wannan abar ce ke dawo mata da shi. Daga ranar ta daina amsa gaisuwata da baki, sai da kai.

Bayan kwana huɗu shugaba ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya riga ya sa an buga rahoto a tafireta, saura sa hannuna. Rahoton ya ce tsoho ne mai rauni, da alama yana da farfaɗiya, ciwonsa ne ya tashi a cikin rami, an kuma bi duk ƙa'ida. Ya yi mini magana mai taushi, ya kira ni ƙanena, ya ce abin da ya faru ƙaddara ce, kuma in tuna hannuna ne a kan takardar izini ba nasa ba, in aka tona ni zan fara faɗawa. Ya ce ina da gaba mai kyau, ana maganar tura ni ƙarin karatu. Na karanta rahoton sau biyu. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sauka rami bai taɓa ko jiri ba, yau an mai da shi mai farfaɗiya don takarda ta fita tsaf, gobe kuma a ba wani tocila a ce ya sauka. A nan wani abu ya tsinke mini a ƙirji, tsoron da na yi shekaru ina goyo ya sauka. Na tura masa takardarsa na ce ba zan sa ba. Ya ce umarni ne. Na ce ya umarci hannunsa. Na koma teburina na rubuta nawa rahoton, na faɗi amfanin fitila, na faɗi cewa na sani tun ranar taro na yi shiru, na faɗi cewa ni na ƙwace ta, na aika sama ba tare da ya bi ta hannunsa ba, abin da shi kansa laifi ne a tsarin aiki.

Aka turo wani babban jami'i bincike. Ya zauna a ofis yana juya takardu, yana tambayata a wane littafi na karanta wannan zance na iska. Na ce ba a littafi ba ne, in yana son gani ya taso mu je Dala, rijiyar na nan a rufe tun ranar. Ya ce mu je. Labari ya riga mu isa, unguwa ta cika. Na sa aka ɗaga murfin. Na ɗaura tocilar hukuma a igiya na zura har ta kusa taɓa ruwa, na bar ta can, na jawo ta tana haskenta. Na ce ranka ya daɗe bisa sabon tsari wannan rijiya lafiyarta ƙalau. Sannan na ciro fitilar Baba. Shugaba ya ce in na kunna ta na karya doka a gaban shaidu. Na ce ya buɗe ido da kyau don ya ba da shaida daidai. Na ƙyasta ashana na kunna, na sa a gwangwani na fara zurawa. Jami'in ya durƙusa a bakin rijiya yana leƙe. Wutar ta tafi lafiya har wajen gaba takwas, sannan ta yi ja, ta tsuke, ta mutu, ko rabin hanya ba ta wuce da yawa ba. Na jawo na sake kunnawa na sake zurawa, ta sake mutuwa a daidai wurin. Na ɗauko igiyar Baba na miƙa wa shugaba tare da tocila, na ce takarda ta ce babu haɗari, ga hanya, ni da kaina zan riƙe masa. Bai karɓa ba. Na juya wajen jama'a na ce ni ɗan mai yasar rijiya ne, ubana bai taɓa sayar da ko ƙyalle ba, a bakin rami aka ciyar da ni, kuma ni ne na jefa Baba a halin da yake ciki don kada a san haka.

Kada mai karatu ya zaci an tafa mini. Jami'in ya tashi ya kakkaɓe gwiwarsa ya shiga mota. Bayan sati biyu takarda ta zo mai laifi uku: kunna wuta a wurin da aka hana, tsallake shugaba, da wulaƙanta na gaba a bainar jama'a. Aka ce in na rubuta takardar ban haƙuri, na janye rahotona, za a yi mini sassauci a mai da ni wani gari. Abokan aiki suka yi ta zarya gidanmu suna cewa in sauke girman kai, layi uku ne kawai. Na ce a shirye nake in ba da haƙuri, amma ga mutum ɗaya, yana kwance a Moduganari, kuma ba shi ne ya aiko su ba. Na ninke kakina, na haɗa da ludayi da tocila uku, na tura keken hukuma har ƙofar ofis na jingine, na dawo gida a ƙafa. Ranar ce mahaifiyata ta amsa mini sannu da baki.

Kafin damina ta biyu aka yi wa dokar gyara a shiru. Wani tsohon abokin aiki ne ya nuna mini, an ƙara layi ɗaya cewa hanin kunna wuta bai shafi fitilar gwajin iska a rijiyar ruwa ba, har ma an wajabta gwajin. Ba a kira ni ba, ba a ambaci Baba ba, shugabanmu kuwa ƙarin girma ya samu. Ni a lokacin ina riƙe wa ƙanin Baba igiya. Da farko ya ƙi ko kallona, na yi ta zuwa ina zama a bakin aikinsu har ran da hannu ya yi musu kaɗan ya jefo mini igiya. Shekara goma sha tara na yi a sana'ar kafin famfo da injin burtsatse su karɓe ta. Na sha taɓo har wuya, na haɗu da tsofaffin abokan makaranta a hanya suna karya kan mota, na kuwa ɗaga musu hannu da gangan.

Har gobe akwai masu ce mini na yi wauta, da na sa hannu a layi uku da yanzu ina cin fansho a gida mai bene. Su riƙe benensu. Ban taɓa nadamar korata ba ko na minti ɗaya, kuma da za a mai da ni bakin rijiyar nan da ashana a hannu, sai na sake ƙyastawa. Ni ba maƙiyin doka ba ne, na ga ranar dokar tsabta da idona, ta raba unguwanni da cututtuka masu yawa. Nadamata ɗaya ce, shirun da na yi a ɗakin taro ina wasa da murfin alƙalami. Jarumtar da na yi daga baya ta gyara takarda, ba ta gyara Baba ba. Saboda haka ina jan kunnen duk wani matashi da aka ba kaki ko tebur aka ce ya tabbatar da sabon tsari a kan masu sana'a. Kafin ka ƙwace abu a hannun wanda ya tsufa yana aikinsa, tambaye shi amfaninsa, ka kuma tsaya ka ji amsar. In kuwa ka riga ka sani, ka faɗa tun a ofis, ran da aka tambaya, ko da za a gane daga gidan da ka fito. Wanda ya rubuta doka yana nesa, ba ya ganin rami. Kai da ke tsaye a bakinsa ba ka da wannan uzuri.

Baba ya yi shekara shida bayan abin kafin Allah Ya karɓi abinsa. Kullum in mun tashi aiki nakan biya in same shi a zaure a jingine da bango. Bai sake gane ni ba. Da sunan mahaifina yake kirana, ganin laka a ƙafata da igiya a kafaɗata, kuma tambayarsa ɗaya ce ba ta sauyawa, ko fitila ta sauka kafin in shiga. Ranar farko fita waje na yi na yi kuka kamar yaro. Daga baya na riƙa ciro ta daga jaka ina sa masa a hannun hagu, ya shafa tabon dalmar da yatsa, in ce masa ta sauka Baba, ta dawo da ranta. Sai ya gyaɗa kai ya ce to madalla, kada in yarda kowa ya hana ni.